RA'AYINMU: Inshorar Matafiya Ba Ta San Hanyar Kafanchan Ba

Duk shekara, da zarar an gama bukukuwan Kirsimeti, aka kuma watse daga bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga watan Janairu, sai tashoshin mota na Kafanchan da Zonkwa da Kwoi su cika maƙil da 'yan ƙasa waɗanda suka zo gida ganin dangi, kowa na hanzarin komawa bakin aikinsa. A cikinsu akwai masu riƙe da tikitin jirgin sama, wasu zuwa Ikko ko Fatakwal, wasu zuwa Ingila ko Amurka. A sauran watanni ma hanyar ba ta rabuwa da ɗalibai, da ma'aikatan jinya, da fataken citta, da marasa lafiya masu neman magani a Indiya ko Masar, da masu niyyar ziyarar ibada zuwa Makka ko Urushalima.

Da yawa daga cikin masu fita waje suna da wata takarda a jaka wadda suka saya da kuɗinsu amma ba su taɓa karanta ta ba, watau takardar inshorar tafiya. Mutane sun ɗauka ita ce za ta fanshe su idan jirgi ya tashi ya bar su. Mu kuwa a ganinmu, yadda ake rubuta sharuɗɗan wannan takarda, mutumin da ya taso daga kudancin Jihar Kaduna da wuya ya ci moriyarta, domin kuwa abubuwan da suka fi sa shi makara su ne daidai waɗanda aka ce ba a biyan diyya a kansu.

Kafin mu yi nisa ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cuɗanyawa. Idan kamfanin jirgi ne ya jinkirta tashi ko ya soke tafiya, haƙƙin yana wuyan kamfanin, ko fasinja yana da inshora ko ba shi da ita. Ƙa'idojin kare fasinja na NCAA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jiragen sama, waɗanda aka sabunta a 2023, sun ce a tafiyar cikin gida in jinkiri ya kai awa 2 a ba fasinja abin taɓawa. In ya wuce awa 3 yana da ikon neman a mayar masa da kuɗinsa. In kuwa jinkirin ya faɗa tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba, a ba shi masauki. Ga tafiyar ƙasashen waje akwai yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Nijeriya ke cikinta.

Amma idan fasinja ne ya iso bayan an rufe karɓar tikiti, to, ba ya bin kamfanin jirgi bashin kome. Galibi sai ya biya tarar rashin zuwa da cikon kuɗin sabon tikiti. In tikitin nasa mai araha ne wanda ba a sauya masa rana, ya tashi a tutar babu ke nan. Sau da yawa ma, wanda bai hau jirgin zuwa ba, kamfani kan soke masa har tikitin dawowa. A nan ne inshora ya kamata ta shigo ta rage masa zafi.

Sai dai ba kowace takardar inshorar tafiya ce ke ɗauke da wannan alkawari ba. Mutanenmu da dama ba don sha'awa suke sayenta ba, ofishin jakadanci ne ya tilasta musu. Ƙasashen Turai masu bizar Shengen, alal misali, ba sa ba mutum biza sai ya nuna inshorar da za ta ɗauki nauyin jinyarsa da mayar da shi gida har zuwa Yuro 30,000. Jinya ce damuwarsu, babu ruwansu da ko ya riski jirgi ko bai riska ba. Saboda haka mai neman biza ya tambayi mafi araha, wakilin kamfani ya miƙo masa, shi ke nan an rabu. Ta zama tamkar inshorar mota, wadda kuɗinta ya koma N15,000 tun watan Janairu na 2023, amma direbobi da yawa ba su san amfaninta ba sai nuna wa ɗan sanda a hanya.

Inda kuwa aka sa alkawarin a ciki, ga yadda yakan kasance. Kamfani zai biya ƙarin kuɗin jirgi da na masauki da mutum ya kashe domin ya isa inda za shi, har zuwa wani adadi da aka ƙayyade, bayan an cire wani kaso da aka ce shi mai inshorar ne zai ɗauka da kansa. Kuma ba kowane dalili ake karɓa ba sai waɗanda aka lissafa: abin hawa na haya ya gaza kai shi a kan lokaci, ko motar da yake ciki ta lalace ko ta yi haɗari, ko yajin aiki, ko mugun yanayi. A kan takarda wannan ya yi kyau. To, bari mu ɗora shi a kan hanyar Kafanchan mu gani.

Babu filin jirgin fasinja a kudancin Kaduna. Dole mutum ya nufi Abuja ta Kwoi da Keffi, ko Kaduna ta Zonkwa da Kachia, ko kuma filin jirgin Jos da ke Heipang. Kowacce tafiya ce ta awoyi a mota, kuma ga wanda ba shi da tasa, motar tasha ce.

Nan ne tarko na farko yake. Abin da takardun inshora suka saba kira abin hawa na haya shi ne jirgin ƙasa ko bas mai lasisi wanda ke tashi bisa jadawalin da aka wallafa. Motar tasha kuwa kowa ya san lokacin tashinta: sai ta cika. Wanda ya zo ƙarfe 6 na safe yana iya zama har ƙarfe 9 ana jiran fasinja biyu, ɗan kamasho na ta kiran saura mutum ɗaya. A idon kamfanin inshora motar nan ba ta makara ba, tun da yake ba ta da lokacin da za a ce ta saɓa.

Abin takaici shi ne, garin da ake wannan magana a kansa jirgin ƙasa ne ya raya shi. Tun wajen 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos, wanda reshensa ya bi ta Bauchi da Gwambe ya isa Maiduguri a 1964. A wancan zamani akwai jadawali a bangon tasha, akwai kuma jami'i mai hatimi da zai iya rubuta cewa jirgi ya makara. A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, a 2024 kuma aka buɗe sashen Fatakwal zuwa Aba. Mai son riskar jirgin sama daga Kafanchan dai mota yake shiga. Watau sharaɗin ya dace da zamanin kakanni, jikoki kuwa ya bar su a tasha.

Tarko na biyu shi ne shaida a rubuce. In mota ta lalace, kamfani zai nemi takardar garejin da ya gyara ta ko na masu jan mota, mai nuna rana da lokaci da abin da ya lalace. Wasu ma sukan ƙara da cewa sai an tabbatar ana yi wa motar sabis yadda ya kamata. In haɗari ne, sai rahoton 'yan sanda. Muna tambaya: bakaniken da aka ɗauko a kan babur daga ƙauye ya zo ya ɗaure fanbel a gefen hanya tsakanin Kachia da Zonkwa, wace takarda ce gare shi? Direban tasha kuma, wane littafin sabis zai nuna wa fasinjan da ya riga ya sauka ya tari wata motar? Asarar ta tabbata, shaidu sun cika mota, amma tun da babu hatimi, babu diyya.

Tarko na uku, sharaɗin da ya ce dole matafiyi ya ba kansa isasshen lokaci. Babu mai musun wannan a hankalce. Amma wa zai yanke abin da ake nufi da isasshe? Akawun da ke zaune a Ikko zai duba taswira ya ƙiyasta awoyin tafiya. Taswira ba ta nuna ramuka, ba ta nuna shingayen binciken jami'an tsaro, ba ta nuna tankar da ta faɗi ta tare hanya, ba ta kuma san cunkoson Mararraba da Nyanya da ke jiran duk wanda ya shigo Abuja ta Keffi da safe ba, alhali filin jirgin yana can ɗaya gefen birnin. Cunkoson da aka saba da shi kuwa, takardun inshora da yawa ba sa karɓarsa a matsayin uzuri. Za a ce ai ka sani, me ya hana ka sammako? Mutumin Kafanchan kuma yana da amsa: sammakon da ya wuce kima a wasu hanyoyin, sayar da rai ne.

Tarko na huɗu shi ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Kusan kowace takardar inshora tana da wani sashe da ya ce ba a biyan asarar da ta samo asali daga yaƙi, ko tarzoma, ko tashin hankalin jama'a, wasu su ƙara da ta'addanci da umarnin hukuma. Dokar hana fita kuwa umarnin hukuma ce, kuma tashin hankali ne ke jawo ta. Mai karatu ya tuna. A watan Disamba na 2016 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa dokar hana fita ta awa 24 a ƙananan hukumomin Jema'a da Kaura da Zangon Kataf, ana gab da Kirsimeti. A Fabrairun 2017 aka sake sa ta a Jema'a da Kaura. A watan Oktoba na 2018 rikicin Kasuwan Magani, garin da ke kan hanyar Kachia zuwa Kaduna, ya kai ga rufe birnin Kaduna kansa. A Yunin 2020 aka rufe Zangon Kataf da Kauru, a Yuli aka haɗa da Jema'a da Kaura. A watan Maris na 2022, bayan harin da aka kai yankin Kagoro, Jema'a da Kaura suka sake shiga dokar awa 24.

Kafanchan tana cikin Ƙaramar Hukumar Jema'a. A kowane ɗaya daga cikin ranakun da aka rufe ta, mai tikitin jirgi yana da zaɓi biyu: ya bi doka ya zauna a gida jirgi ya bar shi, ko ya karya doka ya jefa kansa cikin haɗari. In ya bi doka, kamfanin jirgi ya ce bai zo ba, kamfanin inshora ya ce tarzoma ce, hukumar da ta tsare shi kuma ba ta san da zamansa ba. Ɗan ƙasa nagari shi ke kwana ciki. Muna roƙon Allah kada ya maimaita mana waɗannan ranaku, amma ai ita inshora don ranar da ba a so ake sayenta.

Akwai kuma sharaɗin da ya ce duk abin da aka riga aka sani kafin a sayi inshora ba ya cikin lissafi. Lokacin da aka rufe filin jirgin Abuja na mako 6 daga ranar 8 ga Maris 2017 domin gyaran titin saukar jirage, aka mayar da zirga-zirga Kaduna, an yi shela tun da wuri, saboda haka wanda sauyin ya rikita wa tafiya ba shi da bakin magana. A ƙarshen Maris na 2022 kuwa, bayan harin da aka kai filin jirgin Kaduna ranar 26 ga wata da na jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28, wasu kamfanonin jirage sun dakatar da zuwa Kaduna, jirgin ƙasan ma bai dawo aiki ba sai Disamba. Wannan kuma sashen ta'addanci ne za a buɗe wa mai neman diyya.

Tarko na ƙarshe ya shafi mai tikiti biyu. Mutum ya sayi tikitin Jos zuwa Ikko daban, ya sayi na Ikko zuwa waje daban. Ga hazon hunturu, wanda daga Disamba zuwa Fabrairu kan hana jirage sauka a filayen Arewa. Jirgin farko ya makara, na biyu ya tashi. Kamfanin farko iyakarsa kuɗin tikitinsa, na biyu kuma bai san an yi ba, domin ba yarjejeniya ɗaya ba ce. Inshora na iya taimakawa a nan, amma galibi sai in an bar tazarar awoyin da ta ƙayyade tsakanin jiragen biyu, kuma sai an kawo takardar kamfanin farko mai tabbatar da jinkirin.

Ba mu ce kamfanonin inshora ba su da hujja ba. Babu kamfanin da zai biya wanda barci ya kwashe, ko wanda ya manta fasfo a gida, ko wanda bizarsa ba ta fito ba, ko wanda ya sha ya bugu. In aka ce baki kawai ya isa shaida, 'yan damfara za su kwashe asusun, masu gaskiya su biya. Tarzoma kuma ta bambanta da facin taya, domin tana shafar mutane da yawa a rana ɗaya. Duk mun yarda. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a kwafo sharuɗɗan da aka tsara domin ƙasashen da kowane bas ke da jadawali, kowane gareji ke da rasit, a sayar wa mutumin Manchok ko Gidan Waya a kan kuɗi ɗaya da mazaunin Ikeja, ba tare da an gaya masa cewa rabin alkawarin bai shafe shi ba. Wannan kura da shan bugu ne, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma kada a ce asarar tarzoma ba ta inshoruwa. A Afirka ta Kudu, bayan tarzomar Soweto ta 1976, kamfanoni suka ja da baya daga irin wannan asara, sai aka kafa wani kamfani na musamman mai suna Sasria a 1979, wanda ake ƙara kuɗinsa a kan inshorar da mutum ya riga ya saya. Shi ne ya biya masu dukiya bayan tarzomar watan Yuli na 2021. Inshorar dukiya ce ba ta tafiya ba, amma darasin ɗaya ne: in an so, akwai hanya.

Saboda haka muna kira ga NAICOM, hukumar da aka kafa a 1997 domin sa ido a kan harkar inshora, da ta tilasta wa kowane kamfani ya fitar da abubuwan da ba ya biya a shafi guda, da manyan baƙaƙe, cikin Turanci da Hausa da sauran manyan harsunanmu, mai saye ya sa hannu a kai kafin a karɓi kuɗinsa. Dokar kare masu saye ta 2018 ta riga ta ba ɗan ƙasa ikon a yi masa bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta. Sabuwar dokar gyaran harkar inshora da aka sa wa hannu a 2025 ta ɗaga jarin kamfanonin da ba na inshorar rai ba zuwa Naira miliyan dubu 15. Jari abu ne mai kyau, amma ba shi ke sa talaka ya yarda da kamfani ba. Biyan diyya ke sawa.

Ga kamfanonin kansu, waɗanda mafi yawan manyan ofisoshinsu ke Ikko, muna ba su shawara su tura mutanensu su bi hanyar Kafanchan zuwa Keffi a motar tasha ko sau ɗaya, sa'an nan su dawo su gyara takardunsu. Su karɓi takardar lodi ta ƙungiyar direbobi ta NURTW mai nuna lokacin tashi, da rahoton Hukumar Kiyaye Haɗurra, da sanarwar gwamnati ta dokar hana fita, a matsayin shaida. Su fito da ƙarin sashe na dokar hana fita wanda mai so zai biya ɗan ƙari ya saya. Kamfanonin takaful, waɗanda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a 2013, su ya fi kamata su riga kowa, tun da taimakon juna suke da'awa kuma Arewa ce babbar kasuwarsu.

Ita kuma Gwamnatin Jihar Kaduna, duk ranar da tilas ta sa aka rufe gari, ya kamata a tanadi wuri guda inda mai tikitin jirgi ko takardar asibiti zai nuna a ba shi izinin wucewa, in da hali a yi musu rakiya a ayari. Hukumar NCAA kuma ta umarci kamfanonin jirage su yafe tarar rashin zuwa ga duk wanda ya nuna cewa dokar hana fita ce ta tsare shi. Shugabannin tashoshin Kafanchan da Zonkwa da Kachia su ma su fara rubuta lokacin tashin kowace mota a takardar sunayen fasinja, su ba mai buƙata kwafi. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Kafin a yi duk wannan, nauyin yana kan matafiyi. Kafin ka biya, tambayi wakilin kamfani abu huɗu, ka ce ya nuna maka amsar a rubuce: shin akwai diyyar rasa jirgi a ciki, kuma nawa ce? Shin ta haɗa da tafiyata daga gida zuwa filin jirgi a motar tasha? Me takardar ta ce game da tarzoma da dokar hana fita? Wace shaida za a nema, kuma cikin kwana nawa? In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka ka gwada wani. Ka sayi inshora ranar da ka sayi tikiti, ka haɗa tafiyarka a tikiti ɗaya in zai yiwu. In abu ya faru a hanya, ɗauki hoto, karɓi lambar direba, sanar da kamfanin jirgi da na inshora nan take, ka adana kowane rasit. In an hana ka haƙƙinka, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi.

Mafi muhimmanci, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai jirgin gobe ya kwana a Abuja ko Jos ko Kaduna yau, ya yi tafiyarsa da rana tsaka. Kuɗin masaukin dare ɗaya, ko kwana a gidan ɗan'uwa a Karu ko Kubwa, bai kai tarar sauya tikitin Landan ba. Har zuwa ranar da kamfanoni za su rubuta takardar da ta san hanyar Kafanchan, wannan ita ce inshorar da mutumin kudancin Kaduna zai iya dogara da ita.

Allah ya kai kowa lafiya, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.